Kafin A Kwance Kafireto

 Direbobin da ke kan hanya, Allah Ya sauke ku lafiya. Iyayenmu kanikawa da ke ƙarƙashin mota kuna jin mu da kunne ɗaya, sannunku da aiki.

Yau maganar tsohuwar mota za mu yi, irin wadda kana cikin tafiya sai ta mutu, ka murɗa makulli ta ƙi tashi. Na san motar da ta faɗo a ran yawancinku, Peugeot 504, wadda mu muke ce wa Fijo. A Faransa ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. A 1975 ta lashe gasar Safari ta Kenya, kuma a wannan shekarar ce aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna. Faransa ta daɗe da daina yin ta, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Shi ya sa har gobe ba ka rasa ta, ko fikof ɗauke da buhunan masara ranar kasuwa, ko a gidan wani dattijo da ya rantse ba zai sayar ba. Abin da zan faɗa ya shafi 'yan'uwanta, su 404 da Datsun da Volkswagen Beetle, wato duk mota mai fetur da ke aiki da kafireto da kwantak. Ban da masu gas, ban da kuma motocin yanzu masu kwamfuta, su hukuncinsu daban.

Ni ma ina da guda. Ta kawuna ce, Allah Ya jiƙansa, fara, wadda ya saya tun muna yara. Bayan rasuwarsa ta yi shekara biyu ajiye a gindin darbejiya kafin ta dawo hannuna. Na sa aka wanke tanki, aka canja baƙin mai, aka sa sabon batir, bugu ɗaya ta tashi. Cikin gari ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ranar da na hau da ita hanyar Funtuwa daga Zariya za mu ɗaurin aure, mun yi tafiyar kamar minti 20 sai ta fara shaƙewa, ta fizga, ta sake fizga, ta mutu. Na fito, na buɗe tanki na zura kara, ga mai nan fiye da rabi. Na buɗe bonat na tsaya ina kallon inji kamar na san abin da nake nema. Da na koma na murɗa makulli sai ta tashi kamar ba ita ba. Bayan wani minti 20 ta maimaita. Ɗaurin auren dai sai labarinsa muka ji. Cikin wata guda an wanke mata kafireto sau biyu, an canja famfon mai, an canja kwayil, ciwo yana nan inda yake. Ku riƙe wannan labari, zan dawo kansa.

Idan mota ta mutu a kan titi, kafin komai a ture ta gefe, a ja birkin hannu, a cire giya, a ajiye alama can nesa a bayanta. Ganyen da muke zubawa a hanya ya fi babu, amma da dare direban tirela ba ya ganinsa sai ya zo kansa.

To, malam direba, kafin ka ɗauki sifana, zauna ka tuna yadda ta mutu. Wannan ita ce shaidar da ta fi kowace daraja, kai kaɗai kake da ita, kuma ita ce ake fara zubarwa. Motar da ta ɗauke ɗif lokaci guda, kamar wani ya kashe makulli, yawanci wuta ce ta yanke. Wadda ta yi ta shaƙewa, ka taka totur ta ƙi amsawa, ta fizga sannan ta mutu, yawanci mai ne bai isa ba. Wadda ba ta mutuwa sai ka ɗaga ƙafa a mahaɗa ko a cunkoso, matsalarta tana wajen silo. Idan kuma fitilu sun yi ta dusashewa, hon ya koma kamar kukan ɗan akuya kafin ta mutu, to ta daɗe ba ta caji, batir take ci har ya ƙare. Duba fambel ko ya tsinke ko ya saki. Akwai guda ɗaya da ba a wasa da ita. Idan fitilar baƙin mai ta kama, ko allurar zafi ta haye ja, ko ka ji ƙwanƙwasa daga cikin inji kafin ta mutu, cire hannunka daga makulli. Sake bugawa na iya mai da gyaran kwana ɗaya ya zama sauke inji. Kada kuma ka buɗe murfin lagireto yana tafasa, mutane da yawa suna yawo da tabonsa a hannu da fuska.

In ba ka ga ɗaya daga waɗannan alamu masu haɗari ba, murɗa makulli ka kasa kunne. Inji yana juyawa da ƙarfinsa, ko yana jan ƙafa, ko kuwa ƙas kawai ka ji? Kunna manyan fitilu ka sake murɗawa. In suka dusashe kamar za su mutu, batir ne ya yi sanyi ko kawunansa ba su kama ba. In ko gezau ba su yi ba, wutar ce ba ta kai ga kik ba, ko kik ɗin ne ba ya karɓar ta. Wani lokaci ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana kan sa ya amsa, ya kai ka gida. Cikakken batir yana nuna kusan 12.6 a mita, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi rauni, idan inji na aiki kuma ya kamata a ga wajen 14. Amma kafin ka yanke wa batir hukunci, kama kawunansa ka girgiza. Farin garin nan da ke taruwa a kansu ya isa ya hana mota tashi, ruwan zafi da goga suna maganinsa. Ka bi kuma kakkaurar wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota, da wadda ta haɗa inji da jikin mota, don tsatsa tana son wurin.

Ga wani abu da ke ruɗa mutane. Kik ba ya kashe mota a kan hanya, aikinsa ya ƙare tun da inji ya tashi. Sau da yawa wani abu ne daban ya kashe ta, direba ya yi ta bugawa cikin fushi har batir ya kwanta, ya wayi gari da ciwo biyu. Kada bugu ɗaya ya wuce daƙiƙa 10, ka huta rabin minti kafin na gaba. Sau uku ko huɗu ta ƙi, tsaya haka nan. Tura mota kuwa, a giya ta biyu, maganin raunin batir ne ko kik. Motar da ba ta da wuta a fulogi ko babu mai a kafireto, ko samarin unguwa duka sun tura ta har Gusau ba za ta tashi ba.

Yanzu a ce inji yana juyawa lafiya amma bai kama ba. Abu uku inji yake bukata: wuta a kan lokaci, mai gauraye da iska, da matsi a cikin silinda. Ni da wuta nake farawa, don ta fi saurin dubawa, ba a kwance komai, kuma a irin waɗannan motoci ta fi yawan laifi.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda wutar take samuwa, don wanda ya gane wannan ya huta da canki-canka. Wutar batir ba ta da ƙarfin tsallake bakin fulogi. Kwayil ne yake ɗaga ta daga 12 zuwa dubbai masu yawa, kuma ba ya yin haka sai a daidai lokacin da aka yanke masa wuta farat ɗaya. Mai yankewar shi ne kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu a cikin dilko da ke buɗewa suna rufewa. Kusa da su akwai kwandansa, ɗan ƙaramin gwangwani da bai kai babban yatsa ba, aikinsa ya hana bakin kwantak ƙonewa, ya kuma sa yankewar ta yi kaifi. Daga kwayil wutar sai ta bi kakkaurar waya zuwa tsakiyar murfin dilko, rota ya raba ta ga fulogai huɗu bi da bi, a Fijo: 1, 3, 4, 2. Sunan dilko ma ba daga sama ya faɗo ba. Daga Delco ne, kamfanin da ke garin Dayton a Amurka, inda Charles Kettering ya tsara wannan hanya wajen 1910, kafin ya kawo kik na lantarki a motar Cadillac a 1912. Faransawa ma da wannan suna suke kiran abin. Wato dabarar da ke cikin Fijon kawuna ta haura shekara 100, kuma duk ana iya binta da ido da ƙwan fitila ɗaya.

Zare kakkaurar wayar da ke tsakiyar murfin dilko, ka riƙe ta da filaya mai roba a hannu ko busasshen itace, bakinta kusa da ƙarfen inji da tazarar kamar rabin santimita. Ka nisanci kafireto da duk inda fetur ya zuba. Wani ya murɗa makulli. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana tsalle tana ƙara ƙas-ƙas-ƙas. Idan ja ce mai sanyi, ko babu ita sam, laifin yana baya: kwayil, kwantak, kwandansa, ko 'yan siraran wayoyin da suka haɗa su. Idan kuwa tana nan da ƙarfinta, mai da wayar, ka gwada a wayar fulogi. Akwai a tsakiya babu a fulogi, to rota ne ko murfin dilko. Buɗe murfin ka duba cikinsa: ɗan gawayin tsakiya ya cinye? Akwai siririn layi baƙi kamar zanen fensir? Tsagewa ce, wuta tana bi ta nan ta gudu. Da damina kuwa, ko bayan an wanke inji, raɓa ce kawai ke kwanciya a ciki, tsumma busasshe ya gama magana. Tun da murfin yana buɗe, a sake murɗa makulli ka ga ko rota yana juyawa. In inji na juyawa rota na tsaye, rufe bonat ka nemi mai ja, wannan ba gyaran bakin hanya ba ne.

Ƙwan fitilar da na ambata, ɗan ƙaramin ƙwai ne na mota da aka ɗaura wa waya biyu, bai kamata a rasa shi a cikin tsohuwar mota ba. Kwayil yana da 'yan ƙananan kawuna biyu. Buɗe makulli, waya ɗaya a jikin inji, ɗaya a kan da wuta ke shigowa. In bai kama ba, wutar ba ta iso ba ma, sai a koma wajen makulli da wayoyinsa. In ya kama, koma ɗaya kan, wanda wayarsa ta tafi dilko, a buga inji. Ya kamata ƙwan ya riƙa ƙiftawa. Idan ya kama ya tsaya cak, kwantak ba ya rufewa, ko bakinsa ya yi datti, ko waya ta tsinke. Idan ya ƙi kamawa sam, kwantak ba ya buɗewa, ko kwandansa ya haɗe, ko kwayil ya ƙone a ciki. Yawanci za ka tarar ɗan robar da ke ɗaga kwantak ya side, baki ya daina buɗewa. Tazarar da Fijo take so ita ce milimita 0.4, kusan kaurin kwalin ashana. A goge bakin da lallausar samfefa, a zura tsaftatacciyar takarda a share, a daidaita. Na sha ganin an ja mota zuwa gareji a kan abin da bai wuce wannan ba. Kuma masu buɗe makulli su zauna jin rediyo inji a kashe, har da masu jin mu yanzu, ku sani kuna dafa kwayil da kwantak.

Wuta ta samu, sai mai. Kada ka yarda da allurar tanki, ta tsohuwar mota ta fi kowa ƙarya. Cire murfin matatar iska, inji a kashe, ka leƙa maƙogwaron kafireto, ka ja totur da hannu sau biyu. Ya kamata ka ga siririn fetur ya tsarto. In ya tsarto, akwai mai a kafireto. In shiru, zare tiyon da ya shigo kafireto ka sa bakinsa a cikin gora, a buga inji kaɗan. Famfo mai lafiya yana tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. In ɗigo yake yi ko babu, bi baya: filta ta toshe da tsatsar tanki, ko tiyo ya tsage yana zuƙar iska, ko fatar cikin famfo ta yage. In fatar ce, jawo sandar baƙin mai ka sunsuna, wani lokaci fetur ta can yake zurarewa.

Roƙo biyu nake yi a nan. Na farko, a daina zuƙar fetur da baki. In ya sarƙe ya shiga huhu, asibiti ne. Na biyu, a daina tsiyaya fetur a kafireto ana buga inji fuska na kai. Kafireto yana yin atishawar wuta, kuma ba ya sallama. Garin neman gira kada a rasa ido.

Wani lokacin kuma man ne ya yi yawa. Inji yana son iska kusan kashi 15 a kan kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi, in fetur ya rinjaya fulogi sai ya jiƙe ya ƙi kamawa. Za ka ji wari ya cika wuri, ka kwance fulogi ka gan shi sharkaf. Direba ne ya yi ta famfa totur, ko cok ya maƙale a rufe, ko allurar fulot ta ƙi rufe mai. Taka totur har ƙasa ka riƙe, kada ka famfa, ka buga. In ta ƙi, kwance fulogai a shanya. Sai kuma man da ba mai ba. Wanda ya sha a galan a bakin hanya, bayan kilomita kaɗan mota ta fara tari, ya san inda zai fara zargi. Tsiyayi kaɗan a farar kwalba ka ajiye, in da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Ba a galan kaɗai ba ma, kuna tune da Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka yi ta mutuwa bayan sun sha a gidajen mai.

Kun lura har yanzu ban ce a kwance kafireto ba. Da gangan ne. A garejinmu, da mota ta yi tari sai ka ga yaro ya ɗauko sukudireba ya nufi kafireto, ya murɗa wannan ya murɗa wancan, ya zare jet ya zura masa waya ya faɗaɗa ramin. An bar jaki ana dukan taiki. Kafireton da ya shekara yana aiki lafiya ba ya sauya saiti da kansa a tsakiyar hanya. Datti kan toshe jet ɗin silo, gaskiya ne, ƙurar hunturu kan cika matatar iska, tiyon iskar birki kan tsage inji ya riƙa shan iskar da ba a auna ba. Amma duk waɗannan ana gano su ne bayan an tabbatar da wuta da isowar mai. In an fara da murɗe-murɗe, ko an gano ainihin ciwon daga baya motar ba za ta zauna daidai ba, don an riga an ɓata abin da yake lafiya. Haka wanda ya kwance dilko ya juya shi ba tare da ya yi alama ba, ko ya zare wayoyin fulogi huɗu lokaci guda ya manta jerinsu.

Matsi ba zan daɗe a kansa ba, don ba kasafai yake ɓacewa lokaci guda ba sai in inji ya yi zafi ya ƙone gasket. Alamarsa, inji yana juyawa da sauri fiye da kima babu nauyi, ruwan lagireto ya ragu, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Wannan na mai gareji ne.

Mai wahalar ita ce motar da ke mutuwa in ta yi tafiya, ta huta ta tashi, ka kai ta gareji ta yi lafiya lau kamar yaron da ya ga allura. Kwayil da kwandansa in sun tsufa sukan yanke in sun ɗau zafi, su dawo in sun huce. A zafin Afrilu kuma, irin na Sakkwato ko Maiduguri da ke haura digiri 40, fetur kan tafasa a cikin famfo da tiyo ya zama tururi, famfo kuwa ba ya tura tururi. Jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon yakan dawo da ita. Dabarar ita ce a yi gwajin wuta da na mai nan take, a inda ta mutu, tana da zafinta. Bayan rabin awa shaida ta gudu.

Wannan ya dawo da ni kan farar Fijo. Karo na uku da ta yi mini haka, kusa da Giwa ne, aka nuna mini wani dattijon bakanike a ƙarƙashin rumfar kara. Na fara lissafa masa abin da aka canja, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ɗana, ba abin da aka canja na tambaye ka ba. Yaya take mutuwa?" Na ce shaƙewa take yi. Ya ce, "In ta mutu me kake yi kafin ta tashi?" Na ce ba na yin komai, Baba, ina dai buɗe tanki in duba mai, in buɗe bonat, in jira. Ya ce, "Kullum sai ka buɗe tanki?" Na ce kullum.

Bai ɗauki ko sifana ba. Ya shiga gaba ya ce mu tafi, in ta mutu kada in taɓa komai. Muka yi ta tafiya har ta shaƙe ta tsaya. Ya fito ya zagaya baya, ya kira ni, ya ce in kawo kunnena kusa da murfin tanki. Ya murɗa shi a hankali. Sai na ji fuuu, tanki yana zuƙar iska kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci, har ƙarfensa ya yi ƙara yana komawa daidai.

Ashe duk man da famfo ya ja, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, ta ɗan huji a murfi ko ta wani siririn tiyo. In babu hanyar iska, tanki yana riƙe man, famfo ya ja ya ja ya gaji. A cikin gari ba na yin nisan da abin zai taru, a babbar hanya kuwa minti 20 ya isa. Ni kuma duk lokacin da na buɗe don in zura kara, ina yi mata magani ban sani ba. Kawu ya taɓa sauya murfin asali da mai makulli saboda ɓarayin mai, murfin ba ya numfashi, sai aka ja wa tankin siririn tiyo ta ƙasa. Baba ya kwanta ya laluba ya jawo bakin tiyon, ga shi a toshe da busasshiyar laka. Shekara biyun da ta yi a gindin darbejiya, zanzaro ya samu gida. Ya aika yaronsa ya karɓo tsohuwar wayar birkin keke wajen mai faci, ya zura, ƙasa ta zubo, ya hura ya ji iska ta wuce. Na tambaye shi nawa ne, ya ce in ba yaron kuɗin goro, in kuma mai da shi rumfarsa don ya bar shayinsa a kan wuta.

Tsohon kwayil da tsohon famfon da aka cire mata suna nan a but har yau, lafiyarsu ƙalau.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu shiga maganar birki.